Turmi a Cikin Salula

Ranar da aka saya wa Inna Ɗela salula, ranar ce kwanciyar hankalin Rahila ta ƙare, ko da yake ita Rahilar ba ta sani ba sai washegari.

Rahila matar Muttaƙa ce, tela. Suna zaune a Magarya, gidan haya mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da aka malale da siminti. Tana aiki a meri, ofishin magajin gari, wajen rubuta takardun haihuwa, ƙarfe takwas a kan kujerarta take yi mata. Ɗiyarsu ɗaya, Mansura, shekararta bakwai, tana aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, har ta fara karanta abin da ke jikin gwangwanin tumatir da ƙarfi ko ba a tambaye ta ba. Inna Ɗela kuwa mahaifiyar Muttaƙa ce, tana can Kwaya. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in magana ta kama sai ta yi ta da bango ko da akuya, shi kuma ya tsinta. Shi ya sa da salula ta zo hannunta, lambar surukarta ta ce a sa mata.

Gari na wayewa salular Rahila ta yi ƙara. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali. Sai Inna ta ce, "Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna."

"To yaji kika yi?"

"Ina ɗakina, Inna."

"Ki fita tsakar gida ki ɗaga abin nan sama in ji."

Rahila ta fita ta ɗaga. Pampo na ɗiga cikin bokiti, rediyon maƙwabta na magana, wani moto ya wuce. Shi ke nan.

"Ban ji turmi ba," in ji Inna. "Gidan da safiya ta yi ba a ji taɓarya ba, ko makoki ne ko kango. A nan kuke ajiye mini jika? In an gama girbi zan zo in ɗauki yarinyar nan ta zauna wurina, ta san abin da mata ke yi da hannuwansu."

Rahila ta ƙara matse salular a kunne. Ta san yadda abin yake: uwar miji in ta ce za ta riƙe jikarta, ɗanta ba shi da bakin musu, uwar ɗiya kuwa ko fuska ta ɓata sai a ce ba ta da kunya. Kuma wadda aka ɗauka riƙo ba a sa mata ranar dawowa. Ta hango jakar lakwal ɗin Mansura rataye a ƙusa. Maimakon ta faɗi gaskiya, cewa hatsinsu inji suke kaiwa kamar kowa a unguwar, sai ta ji bakinta yana cewa, "Ai muna daka, Inna. Yau ne kawai na makara."

"To madalla. Gobe war haka zan kira. In ana daka, yarinya ta zauna."

Da yamma ta sayo turmi da taɓarya a kasuwa, ta ɗaure su bayan motonta mai ƙafa biyu. Duk wanda ta wuce sai ya tambayi wa za a yi wa aure.

Matsalar ita ce, Rahila a Damagaram aka haife ta, ɗiyar malamin lakwal, alƙalami ta tashi da shi. Da Inna ta kira washegari, ta ɗaga taɓarya da bismilla ta sake. Taɓarya ta sauka a leɓen turmi, turmi ya yi tsalle, hatsi ya watsu har ƙarƙashin keken ɗinki.

"Maciji kuke kashewa?" in ji Inna.

"Sabon turmi ne, Inna, bai saba da ni ba."

"To ku saba."

A meri akwai wata abokiyar aikinta, Rukayya, wadda ba abin da babu a salularta. Ta tura mata sautin wasu mata suna daka, ba a san ma na wane gari ba ne. Da safe sai Rahila ta kunna shi a salular Muttaƙa, ta kanga da tata, ta ci gaba da gugar kayan Mansura. Kwana uku lafiya lau. A na huɗu Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Rahila, matar nan da ke tari a gidanku, kwana huɗu ke nan, kullum tari biyu, daidai inda zakara ke cara. A kai ta likita. Shi ma zakaran a duba shi. Gobe kuma surfe nake son ji, na gaji da dakan gari."

Rahila ba ta ma san ƙarar surfe daban take da ta dakan gari ba.

Da safiyar ta yi, tana tsaye a kan turmi tana kallonsa kamar rijiyar da aka ce ta faɗa, hawaye na zubo mata. Muttaƙa ya fito daga ɗaki, ya dube ta, ya dubi agogo. Ya je ya sa wa ƙofar gida sakata, ya tokare ta da benci, ya tuɓe riga ya rataye. Ya yayyafa wa hatsin ruwa da yatsunsa, ya juya shi.

"Miƙo taɓaryar nan," in ji shi. "Kin riƙe ta kamar za ki sa hannu a takarda."

Salula ta yi ƙara, Rahila ta ɗauka, shi kuma ya fara. Wani irin daka ne da ba ta taɓa ji ba: uku a jere, sai ɗan jinkiri kamar mai tuna wani abu, kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga, sannan na huɗu ya sauka. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Can ɓangaren Inna shiru, shiru, har Rahila ta duba ko rezo ne ya ɗauke, layi ya katse.

"To," in ji Inna daga baya. "Yanzu na ji gida."

Bayan an kashe, Rahila ta ce, "Baban Mansura, a ina ka koya?"

"Ban koya ba. Kuma in maganar nan ta fita ƙofar nan, garin zan bari."

Haka aka shiga. Kullum safe sakata, benci, riga a ƙusa. Aikin Rahila shi ne ta riƙe salula tana haki, don Inna ta taɓa tambayar yadda ake daka numfashi bai canza ba. Ta ƙware har tana iya haki tana ɗaura kallabi, tana haki tana zuba wa Mansura shayi. Wata rana ma ta manta ta yi wa wani mai neman takardar haihuwa haki, ya tambaye ta ko ya kira likita.

Gari ya fara yi musu yawa. Tukwane suka cika, bokitai suka cika, har akwatin da Muttaƙa ke ajiye yadin mutane. Suka raba wa maƙwabta fura har maƙwabta suka fara ɓuya in sun hango Mansura da kwano. Siminti ya tsage, aka ɗora turmin a kan tsohuwar tayar mota. Hannun Muttaƙa ya yi kanta, masu kawo ɗinki suka tambaya, ya ce almakashi ne. Halinsa ma ya soma sauyawa. Mutumin da bai taɓa sanin inda rariya take ba, yanzu sai ya damƙi hatsi ya shinshina ya ce, "Wannan na bara ne, an cuce ki." In Rahila ta taɓa masa faifai sai ya yi kwana guda yana kumbure-kumbure.

"Me ta ce yau?" yakan tambaya, yana share zufa.

"Ta ce hannuna ya faɗa."

"Hannunki."

"Haka ta ce."

"Ba ta ce komai a kan garin ba? Laushinsa fa?"

"Ta salula za ta taɓa shi?"

Ana nan sai Rahila ta fara jin wasu muryoyi a bayan ta Inna. Ashe Inna cikin ƙwarya take sa salular don ƙarar ta fito sosai, matan unguwa su zagaye. Wata Fadi, ƙawar Inna tun ƙuruciya, ita ce mai baki a cikinsu. Suka fara aiko da buƙata. Yau a yi musu sussuka, gobe dakan gumba. Ran nan Fadi ta ce lugude suke so. Rahila ta ce ai lugude sai mutum biyu ko uku, ita kuwa ita kaɗai ce. Muttaƙa ya girgiza mata kai, ya nuna mata yatsu biyu. Washegari ya sayo taɓarya ta biyu, ya yi luguden shi kaɗai, ɗaya a kowane hannu, Rahila na hakin mutum biyu. Guɗar da aka yi a Kwaya sai da ta sa salular ta yi zafi.

Girbi ya zo ya wuce, Inna ba ta sake tada maganar Mansura ba. Rahila ta fara samun barci. Sai kuma ƙanwar Muttaƙa, Zuwaira, ta haihu a Kwaya.

"Ran suna ki zo da hannunki," in ji Inna. "Mata sun ce sun gaji da ji, gani suke so. Ki taho da yarinyar. Ki haɗo mata da kayanta ma, ba a san abin da hali zai yi ba."

Kwana shida Muttaƙa na koya mata. Ya gyara mata tsayuwa, ya gyara mata riƙo, ya ƙirga mata. A rana ta shida ta fasa gilashin taga da gindin taɓarya. Ya zauna a kan benci ya ce, "Allah ya ba kowa nasa." Ita kuma ta shiga ɗaki ta ninke kayan Mansura cikin jaka. Ta sa littafin karatunta a ƙasa, ta cire, ta sake sawa.

Suka kama motar kasuwa, suka ƙarasa a amalanken jaki, suka kwana. Rahila ta farka tun kafin gari ya yi haske, ta kasa kunne don ta ji yadda matan Kwaya ke yi, ko ta kwaikwayi wani abu. Zakara ya yi cara. Jaki ya yi kuka. Can daga bakin kasuwa wani abu ya fara tuk-tuk-tuk-tuk, ƙarar da ta sani sarai, don ita take ji kullum a bayan meri. Ta leƙa waje. Mata ne a jere da robobi a ka, sun nufi inji. Ta ƙara kasa kunne. A duk faɗin Kwaya babu taɓarya ɗaya da ke sauka.

Bayan an raɗa suna, maza sun watse, mata suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Inna suka zauna sahu-sahu. Sai aka shiga neman turmi. Na Inna yana bayan rumbu, kaza na kwanci a ciki. Na Fadi an kife shi, a kansa mijinta ke zama yana alwala, ya ce ba ya tashi. Na gidan liman an ɗora masa allon sola, da shi ake cajin salular rabin unguwa, in an taɓa shi an taɓa kowa. Taɓarya kuwa sai da aka zare ta daga jikin danga, dangar ta kwanta.

"Inna," in ji Rahila a hankali, "ku ba ku daka?"

Fadi ce ta amsa. "Da wane lokacin, 'yar nan? Maza sun tafi cirani sun bar mana gona da awaki, 'yan mata na lakwal, ni ina da tebur a kasuwa. Damina uku ke nan da zuwan inji. Ai shi ya sa muke sauraren naki. Ku na birni ku ne da hutu."

Aka lallaɓa kazar aka ɗauke ta da ƙwanta, tana ta masifa. Aka wanke turmi, aka zuba hatsi. Mata suka ɗaga salulolinsu za su ɗauka. Muttaƙa na can bakin zaure, ya juya baya kamar ba shi da sani a kai. Mansura na zaune kan cinyar kakarta, jakar kayanta a gefe.

Rahila ta ɗaga taɓarya. Ta yi duk addu'ar da ta sani. Ta sake.

Hatsi ya tashi sama kamar an watsa wa amarya, ya zubo a kan sahun gaba. Kajin unguwa suka rugo. Ta sake ɗagawa, turmi ya gangara ya nufi Fadi, Fadi ta tare shi da ƙafa.

Mata suka sauke salulolinsu.

"Ba wannan ba ne," in ji wata daga baya.

"Ko salula ce ke ƙara masa daɗi?" in ji wata.

"Ki yi hakin mana," in ji Fadi, "ƙila shi ne ke kawo shi."

Rahila ta dubi jakar, ta dubi ɗiyarta. Ta buɗe baki za ta faɗi komai, in ya so a yi duk wadda za a yi. Sai Inna ta sauke Mansura ta miƙe.

"Ku ma dai ba ku da ta ido," in ji ta. "Surukata mai kunya ce. Ta yaya za ta ɗaga hannu gaban uwar mijinta da ƙawayenta? A kawo zana."

Aka kawo zana biyu aka kewaye turmin, Rahila na ciki. Inna ta tsaya ta fuskanci akuyar da ke ɗaure a gindin itacen bedi, ta ce mata, "Turmin nan gindinsa ya cinye, gocewa yake. Da wani mai ƙarfi zai shiga ya riƙe mata shi, da ya kyauta."

Akuya ba ta ce komai ba. Muttaƙa ya taso daga bakin zaure, kansa a sunkuye, ya ratsa mata ya shiga bayan zana. Ya tuɓe riga ya miƙa wa Rahila. Ya taɓa hatsin ya yi tsaki, ya ƙara ruwa. Ita ta durƙusa ta riƙe turmin.

Uku a jere, jinkiri, na huɗu.

"Yawwa," in ji Fadi daga waje. "Ga ta nan ta dawo."

Guɗa ta tashi. Rahila, saboda sabo, ta fara haki. Ba a jima ba zana ta motsa, Inna ta shigo da wata tsohuwar taɓarya da ta yi baƙi don tsufa, wadda ashe a ƙarƙashin gadonta take. Ba ta dubi ɗanta ba, shi ma bai dube ta ba. Ta tsaya a ɗaya gefen, ta jira jinkirin nan, ta jefa tata a ciki. Rahila na durƙushe a tsakaninsu tana kallon sama. Uku a jere, sai kafaɗar Inna ta hagu ta ɗaga, daidai yadda tasa ke yi, sai dai ita tana ɗan yamutsa fuska, don tata kafaɗar ciwo take yi da gaske.

"Jaki ne ya kada ni ina amarya," in ji Inna, tana magana da Rahila, taɓarya ba ta tsaya ba. "Tun ran nan ba na iya yin huɗu a jere."

"Inna, tun yaushe kika sani?"

"Na san me? Shekara biyu na goya dakan nan a bayana, a ce ban gane shi ba?" Ta sake jefa taɓarya. "Ki gaya wa mai riƙe miki turmi ya rage ruwa. Kuma ya rame. Ba ya cin abinci ne?"

"Yana ci, Inna."

"Ki gaya masa ya ƙara."

Dakan Muttaƙa ya ƙara nauyi. A waje mata sun tashi suna tafi, Fadi na rantsuwa cewa a duk ƙasar Magarya har Dungas ba macen da ta kai Rahila hannu.

Da aka gama, Inna ta fita tana dafe da kafaɗa, ta ɗauki jakar Mansura ta miƙa wa Rahila gaban kowa. "Gidan da ake irin wannan daka ba a ɗauke masa ɗiya. Ta koma lakwal ɗinta. Ke kuma 'yar birni," ta dungure wa Mansura kai, "ki riƙa kallon hannun uwarki."

"Wanne daga ciki?" in ji Mansura.

"Ji ja'ira. Tafi can."

Tsarabar da aka haɗo su da ita garin hatsi ne, rabin buhu, niƙan inji. Kafin amalanke ya tashi kazar ta koma cikin turminta.

Ran Litinin da safe salula ta yi ƙara a Magarya. Rahila ta ɗauka ta gaida Inna, ta jingina salular a kan taga kusa da turmin da Muttaƙa ke daka a ciki, ta ɗora Mansura a bayan moto. Ba ta yi haki ba. Tana tura moton waje ta ji muryar Inna daga taga, sama da ƙarar taɓarya.

"Rahila, yau hannunki da sanyi-sanyi. Ko mura ce? Ki sha citta da kanumfari, kuma ki daina zama bakin titi ba hula."

Taɓarya ta ɗan tsaya, ta sauka sau biyu a hankali, sannan ta ci gaba. Rahila ta ja ƙofar, ta bar masa sakatar ya sa da kansa.